Lambar Motar Baba

Ɗalha Amadou direban haya ne a unguwar Tremont ta birnin New York, mutumin Damagaram. Shekararsa goma sha ɗaya yana jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, ba a taɓa rubuta masa takardar laifi ko ɗaya ba. Direbobi har tsokanarsa suke yi, wai in jar danja ta maƙale zai zauna jiranta har la'asar. Shi kuwa ya san abin da yake tattali: takardar izinin hayar nan ita ce gonarsa, da ita yake ciyar da 'ya'ya huɗu.

Bara mahaifinsa ya rasu. Tsohon ya ƙare rayuwarsa yana jan babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas, kuma duk wayar da suka yi sai ya tambaya, "Wai Ɗalha, da gaske gadojin can a rataye suke bisa teku?" Allah bai nufa ya zo ya gani ba. Bayan sadakar arba'in, Zalika, ƙanwar Ɗalha, ta aiko masa da lambar motar tsohon naɗe cikin zani, rairayi ya cinye rabin fentinta.

To, a nan mai hankalin nan ya tafka wauta. Ya sha ganin motocin ofisoshin jakadanci da lamba daban, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa a Amurka kowa na iya maƙala ta ƙasarsu. Bai tambayi kowa ba. Ya kwance lambar New York ta gaba ya jefa a but, ya ɗaura ta Damagaram, ya kama hanyar Tompkinsville, wata unguwa a ƙetaren gadar Staten Island, da hantsi.

Ya hau gadar Staten Island ya fi sau ɗari, amma sai ranar ya gan ta. Ginshiƙai sun shige cikin hazo, igiyoyin ƙarfe masu kaurin gindin bishiya sun ɗauke hanya sukutum, manyan jiragen ruwa a ƙasa kamar ƙorai a tafki. Tsigar jikinsa ta tashi. "Allahu akbar! Baba, ga ta nan," in ji shi, yana hawaye.

Yana sauka daga gadar ɗan sanda ya tsayar da shi, wani matashi mai suna Kwame. Ya bayyana masa da Turanci cewa doka ta hana hawa titi da lambar wata ƙasa a gurbin ta jihar, ana iya janye motar, izinin hayarsa ma na iya tafiya. Nan take Turancin Ɗalha ya gudu.

"Ta babana ce," ya ce da Hausa, shi da kansa yake magana. "Gada na kawo shi ya gani."

Ɗan sandan ya daɗe yana duban lambar. Can sai ga Hausar Zangon Kumasi ta fito daga bakinsa, a karkace.

"Ya gani?"

Ɗalha ya saki baki. "Ya gani."

"To, Baba, cire. Doka ce."

Ɗalha ya durƙusa ya kwance ta. Matashin ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe ta a ƙirji har aka gama mayar da ta New York, ya sallame shi da gargaɗin baki kawai. Har yau in Ɗalha na ba da labarin a ƙofar masallaci, sai ya yi tasbihi a daidai wurin nan.

A dawowa dole ta gadar zai sake bi. Ya jingina lambar a kujerar gaba, fuskarta na kallon hanya, ya ja mata bel ɗin kujera.