Bahon da Aka Ba Rana Ajiya

Ku matso, ga tabarma, ku ji labarin Malam Ilu mai liƙin roba na unguwar Mandawari.

Tun yana saurayi yake zama a bakin lungu da kaskon gawayi da 'yan ƙarafansa. Bokiti, buta, baho, duk abin da ya tsage, sai ya gasa ƙarfe ya liƙe. Amma kafin ya taɓa wuta, sai ya danna robar da babban yatsa. In ta lanƙwasa, da sauran ranta. In ta yi ƙas, rana ta cinye ta, kuma ba ya liƙinta ko wa ya kawo.

"Ana cewa roba ba ta mutuwa," yakan ce. "Tana mutuwa mana, ruɓewa ce ba ta yi. Rana ta koɗar da ita ta rududduge, kaji su tsattsaga, ruwan sama ya kwashe saura zuwa rafin Jakara."

Wata hantsi sai ga taubashiyarsa 'Yardada da jan baho a ka, ko in ce wanda a da ja ne. Marigayi mijinta ya saya mata a haihuwar fari, a ciki ta wanke 'ya'yanta kaf. Da jikoki suka mai da shi mota, sai ta kai shi saman soro ta kife, ta danne da bulo, wai ta adana shi. Shekara da shekaru yana can.

"Bawana, liƙe mini nan," ta ce.

"Wa ya ce ki ba rana ajiya? Ko kuɓewa ai kwashe ta ake yi in ta bushe."

Ya danna gefen. Ya ɓare a hannunsa kamar ɓawon ƙwai.

"Shi kaɗai ya rage mini na maigidana," in ji 'Yardada.

Ilu ya juya bahon a hankali. A gindinsa, daidai inda bulon ya zauna, ga wuri ja jawur da rana ba ta taɓa gani ba. Ya danna. Ya lanƙwasa.

"Bokitin wankan jikokinki ba ya yoyo?"

"Kamar rariya."

"Je ki kawo."

Ya yanke jan wurin, ya liƙe shi a gindin bokitin. Har yau da shi ake yi wa jikokin wanka.

To ku gaya mini, bahon nan ya mutu ko yana nan?