Verna Tana Jiran A Sa Hannu A Paris

A gonar masara aka haifi Verna Stoltz, a jihar Nebraska. Ta auri wani makanikin taraktoci mai suna Arlo, ciwon zuciya ya ɗauke shi da wuri, ya bar mata ɗa guda, Lyle, da ɗan gidan katako a bakin layin dogo. Da yaƙin Vietnam ya yi zafi, soja suka sake buɗe tsohuwar masana'antar bama-baman da ke bayan gari, aka ce ana neman ma'aikata har da mata. Verna ta bar wanke-wanken da take yi a gidan abinci ta koma can. Ba ta daɗe da farawa ba aka kira Lyle aikin soja, aka tura shi bakin daga.

Aikinta shi ne ɗura narkakken sinadari a cikin bom. Abin yana rina farce da gashi su koma rawaya, ko da an sa safar hannu da hula. Abokiyar aikinta Darlene, mai 'ya'ya huɗu da miji kwance ba lafiya, ta kan ce ai sun huta da zuwa wurin mai gyaran gashi, tunda gwamnati ta rina musu kyauta. Matan suna gaya wa juna cewa duk bom ɗin da suka cika, hanya yake share wa 'ya'yansu su dawo gida. Verna ta yarda da wannan har cikin ranta.

A farkon 1968 shugaban ƙasa ya fito a talabijin ya sanar cewa zai rage ruwan bama-bamai a arewacin Vietnam, a nemi zaman sulhu. Verna tana tsaye da tsumman goge kwano a hannu, sai ta ji hawaye na bin fuskarta. Kashegari ta shiga ɗakin cin abincin ma'aikata da fara'arta, ta tarar kowa ya ɗaure fuska, ana raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Da ta ce an gode wa Allah, Darlene ta ajiye cokali.

"Ke kam gode, ɗanki zai dawo. Mu kuma fa? Takardar sulhun za mu dafa wa yara?"

Ba wanda ya yi faɗa da ita. Amma daga ranar, idan ta zo hira takan mutu, har ta saba da cin abincinta a ƙarshen tebur.

Ta sayi 'yar rediyo ta ajiye a kicin don jin labarin zaman da ake yi a Paris. Da ta ji wakilai sun kwashe makonni suna gardamar ko teburin ya zama zagayayye ko mai kusurwa huɗu, ta yi dariya ita kaɗai, daga baya kuma abin ya daina ba ta dariya. Aka yi sabon shugaba, ya yi alkawarin kawo ƙarshen yaƙin. Ya fara janye sojoji, jiragen yaƙi kuma suka ƙara ƙaimi. Aiki ya dawo masana'anta, fara'ar Darlene ma ta dawo. Da rana Verna takan ji maganar zaman lafiya a rediyo, da yamma ta ga taragu a jere bayan gidanta ana jan su maƙil da bama-bamai.

Lyle ya dawo a bazarar 1969, ba ko ƙwarzane a jikinsa. Ta gasa masa naman sa da dankali, ta yi kek ɗin tuffa irin wanda yake so tun yana yaro. Ya ɗan tsakura ya ture. Ba ya fita wurin abokai, ba ya zuwa coci, kuma duk lokacin da ta ajiye masa faranti, hannunta yake kallo.

Wata rana da la'asar suna zaune a baranda, jirgin ƙasa ya zo wucewa. Sai da tarago na ƙarshe ya ɓace sannan ya yi magana.

"Mama, kin san inda suke zuwa?"

Ta ce wurin abokan gaba mana, don irinsa su dawo wa iyayensu. Bai ɗaga murya ba. Ya gaya mata cewa su ake turawa ƙauyuka bayan jiragen yaƙi sun wuce, su ƙirga gawa, kuma yawancin waɗanda ya ƙirga ba su taɓa riƙe bindiga ba. Ya ce a wata gonar shinkafa ya ga bom ɗaya da bai fashe ba, ya lume rabi a taɓo.

"Na sunkuya na karanta jikinsa. Alamar wurin aikinku ce."

Ya roƙe ta ta bar aikin. Ta ce a shekarunta ina za ta je, kuma har yanzu 'ya'yan wasu matan suna can. Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Kafin ƙarshen watan ya haɗa jakarsa ya bi wani abokinsa jihar Oregon, ya kama aiki a injin yankan katako.

Verna ta sa wa ranta cewa ranar da aka sa hannu a Paris za a rufe masana'anta, abin da ya shiga tsakaninsu ya ƙare. Sai zaman sulhun ya zama kamar shari'arta ake yi. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi. A coci idan an tambayi labarin Lyle takan ce yana lafiya, aiki ne ya riƙe shi. Ba shi da waya a inda yake zaune, sai dai ta buga ofishinsu ta bar saƙo, ba kullum ake maido amsa ba.

A Oktoban 1972 aka ce sulhu ya zo kusa. Ta buga, ta ci sa'a aka kira mata shi. A nan ta ji cewa ya yi aure, har sun sami 'ya mace. Ta tambaye shi ko za su zo idan an gama. Ya ce a fara sa hannun tukuna. Duk da haka ta sayo fenti ta shafe ɗakinsa, ta ari gadon jarirai wurin maƙwabta.

A Disamba magana ta watse. Shugaban ƙasa ya ba da umarni, jirage suka yi wa Hanoi, babban birnin arewacin Vietnam, luguden da ba a taɓa yi mata ba, ana saura kwanaki Kirsimeti. Kashegari da safe shugaban sashensu, Mista Pruitt, ya ce kowa ya shirya wa ƙarin awoyi. Verna ta daɗe tsaye a wurinta. Sannan ta cire safar hannu, ta kwance rigar aiki ta rataye. Pruitt ya tambaye ta ko ba ta da lafiya ne.

"Lafiyata lau. Na gama ne."

"To, uwar 'yan sulhu," in ji Darlene daga bayanta, "in kin isa Paris ki gaishe su."

Da ma a motar wata ma'aikaciya ake kawo ta, don haka da ƙafa ta koma gida cikin dusar ƙanƙara. Ta yi Kirsimeti ita kaɗai, ba wanda ya leƙo. Kafin ta kai gida ma an sa wata a gurbinta, ta kuma sani. Ƙarshen Janairu aka sa hannu, shekarar ba ta ƙare ba aka rufe masana'antar, aka sallami kowa.

Da sanyi ya wuce ta hau bas zuwa Oregon. Lyle ya tarye ta a tasha, ya tara gemu har da ƙyar ta gane shi. Matarsa Noreen ta karɓe ta hannu biyu, ta ɗora mata jaririyar a cinya. Sai da ta kwana biyu kafin ta gaya masa cewa ta bar aikin tun kafin a sa hannu, da kanta. Ya juya kofin kofi, ya ce ya ji daɗi da ta gaya masa. Amma ya ce kada ta jira shi a Nebraska, don ba zai iya barci a gidan ba. Ta yi mako guda, ya mayar da ita tasha, ya ɗaukar mata jaka har cikin mota.

Da ta koma Nebraska ta sami aikin girki a makarantar firamaren garinsu, ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Lyle yakan bugo ranar Kirsimeti, su yi maganar ruwan sama da karatun yarinyar. Jikar ta zo mata hutu sau biyu, da ta girma ta daina. Verna ta rasu a 1988. Lyle ya tuƙo mota ya zo jana'iza, ya kwana a masaukin baƙi a garin da ke gaba, ya sayar wa maƙwabci gidan, ya koma.