Layin Mama a Gonar Citta

Ranar wata Lahadi a watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Kawu Yohanna ya faɗo gidanmu da Fasto da matan zumunta, ko kayan coci ba su tuɓe ba. Sun tarar ina kankare ƙanzon tuwon acca, yayata Ladi kuma tana wanke kwanon cin abinci na uku, alhali mu biyu ne a gidan. Kawu ya nuna kwanon ya ce, "Fasto, ka gani ba? Yarinyan nan ya haukace."

Gidanmu ne na ƙarshe idan ka bar Kwoi ta wajen duwatsu, rufinsa ya yi tsatsa, jemagu sun mamaye silin. Baba ya rasu tun ina rarrafe. Mama kuwa ta shuka cittarta, ta lulluɓe ta da ganye, sai ciwo ya kayar da ita, aka kai ta asibiti a Kafanchan. Daga can danginta suka wuce da gawar ƙauyensu, wai mu yara ne, ba sai mun gani ba. Ladi ta ce duk wanda bai nuna mata kabari ba, kada ya zo mata da zancen mutuwa. Ta ci gaba da share ɗakin Mama tana zuba mata tuwo. A gona, in muna cirar ciyawa, sai ta yi layi ɗaya ta tsallake ɗaya, ta ce na Mama ne. In mun kai ƙarshe ta juyo ta bi layukan da ta bari, tana waƙar coci da wata murya mai kauri da ba tata ba, sannan ta miƙe ta ce, "Ka ga Mama ta gama nata." Da idona nake ganin hannun Ladi ne. Duk da haka ni ma na fara jin ƙamshin man kaɗen Mama a gonar, kuma ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Yara suka daina zuwa langa ƙofar gidanmu, a makaranta aka bar mini benci ni kaɗai.

Shirin Kawu a ranar shi ne a kai Ladi wani gidan addu'a inda ake sa wa mahaukata sarƙa, ni kuma ya tafi da ni Sabon Tasha. Fasto ya durƙusa a gabana ya ce, "Bulus, ka faɗi gaskiya a gaban Ubangiji. Kana ganin Mamanku?" Na san in na ce a'a, Ladi ta tafi ke nan. Na dubi Kawu ido cikin ido na ce, "Ina ganinta. In za ku ɗaure Yaya, ku kawo sarƙa biyu." Wata tsohuwa cikin matan ta fashe da kuka. Fasto ya miƙe ya ce a ƙyale mu har a tone citta, mata su riƙa leƙo mu. Kawu ya fita yana faɗa, ko sallama babu.

Ranar tono Ladi ta tsallake layi kamar kullum. Da ta kai ƙarshe ta juyo, sai ta tsaya da fartanya a hannu, waƙar ba ta fito ba. Ta ce, "Bulus, ba za ta zo ba, ko?" Na ce, "Ba za ta zo ba, Yaya." Ta zube a ƙasa ta yi kukan da aka hana ta tun farkon damina. Da ta gama, muka tone layin Mama tare.

Yau gidan ya rushe, Ladi tana da jikoki da rumfar citta a Kafanchan. Har yanzu akan sami mai rage murya ya ce mini, "Wancan ciwon nata fa?" Ni kuwa nakan ce ya je ya tambayi waɗanda suka binne uwa a bayan idon 'ya'yanta. Ina kewar gonar nan da muryar da ba ta Ladi ba. Bara ina cire ciyawa a ɗan lambuna, na waiga, ashe na tsallake layi.