Abin da Inna Ta Binne a Ƙofar Kaka

Duk lokacin da na ji ludayi yana bugun ƙwarya, ƙamshin citta da kanumfari ya biyo baya, sai zuciyata ta bar ni a inda nake, ta koma wani gidan haya a Dutse mai bishiyar dabino a tsakar gida. Mai karatu, biyo ni can, amma ka taka a hankali, akwai marar lafiya a ɗakin kusurwa.

Mu Kiristoci ne, daga ƙasar duwatsu ta tsakiyar Najeriya. Aikin gwamnati ne ya kawo Baba Dutse bayan an ƙirƙiro jihar, daga baya Mama ta je ta ɗauko mahaifiyarta, wadda muke kira Kaka. Ranar da ta sauka, ta dubi duwatsun da suka kewaye garin ta ce, "Ashe gida ya riga ni zuwa."

Mai gidan da muke haya dattijo ne manomi. Matarsa 'yar Aujara ce, kowa Inna yake ce mata. Ita da Kaka suka zama hanta da jini. Inna ba ta taɓa leƙa coci ba, Kaka ba ta san yadda ake alwala ba, amma in Inna ta ta da salla Kaka takan ajiye taɓarya har sai ta sallame. Kullum da hantsi kuwa Inna za ta dama fura da nonon da Fulani ke kawo mata, ta kai wa ƙawarta.

Sai aka shiga shekarun da ake ta maganar shari'a. Labaran tashin hankali suka riƙa zuwa daga wasu garuruwa, wasu 'yan cocinmu suka tura mata da yara gida. A unguwarmu ba wanda ya taɓa kowa, sai dai gaisuwa ta gajarce, kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. A bazarar nan ne cikin Kaka ya fara kumbura, idanunta suka yi rawaya. Likita ya ce hanta ce, kuma ta ci ƙarfinta.

Kawu, ƙanen Mama, ya taso daga gida. Ya saurari bayanin likita yana girgiza kai. "Tsohuwar da ke hawan dutse da tulu a ka? Wannan da hannu a ciki," in ji shi. Idonsa kuwa yana kan ƙwaryar Inna.

Ni a lokacin na shiga sakandare, na kuma faɗa kogin littattafan soyayya da muke haya a kasuwa. A kowanne akwai mace mai murmushin zuma da zuciyar gawayi. Don haka maganar Kawu ta sami fili a kaina ta yi saiwa. Murmushin Inna da na saba da shi ya fara yi mini tsawo fiye da ƙima. In ta ce, "Yaya jikin Yaya?", don haka take kiran Kaka, sai in ji kamar tambaya take ko aiki ya fara ci.

Kawu ya kafa doka: a karɓi furar da hannu biyu, a yi godiya, a zaga bayan madafa a juye wa akuyar Inna. Ni aka ba aikin lura da akuyar. Kullum ina jiran in ga ta kife, ita kuwa sai sheƙi take ƙarawa, har ta fara bina tana kuka in ta hango ƙwarya. Na gaya wa Kawu. Ya ce, "Irin wannan ba ya cin dabba, da sunan mutum ake haɗa shi."

Wata safiya, rana ba ta gama fitowa ba, Kawu ya hango Inna tsugune a ƙofar ɗakin Kaka. Ta tona ƙasa, ta sa wani abu, ta rufe, ta shafe wurin da tafin hannu, bakinta yana motsi. Tana shigewa ɗakinta ya ɗauko fartanya yana huci. Ya ce zai tone, ya kira mai unguwa da kowa da kowa su gani. Mama ta riƙe masa riga tana kuka, domin ta san a irin wannan shekara magana ɗaya tana iya cinna wa unguwa wuta.

Muryar Kaka ta fito daga ɗaki, siririya kamar zare. "Ajiye fartanyar nan."

Kawu ya ce wa mahaifiyarsa, "Mama, da idona na gan ta!"

"Na ji. In ka tone ka ga laya, sai hantata ta koma sabuwa?"

"Sai mu san wanda ya yi miki."

"Ka san Wanda ya yi ni? To shi ke da ni. Tun ina budurwa na ba Yesu raina, ban kuwa ce masa ya ajiye mini ba ne, in ciwo ya zo in karɓi abina. Ina jin zafi, ɗana, ba zan ɓoye maka ba. Wani lokaci har tsoro nake ji. Amma ba zan tsaya gaban Ubangiji da sunan wani a bakina ba."

Sai ta juyo gare ni, ina tsaye a bakin ƙofa. "Ke uwar littattafai, akuyar nan ta ƙoshi haka. Je ki kira mini ƙawata, ki ce yau ni zan sha." Ashe duk tana sane.

Inna ta shigo da ƙwarya, idanunta jajur, domin gidan haya ba ya riƙe magana. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, bari in fara kurɓa ki gani."

Kaka ta kama wuyan hannunta. "Ba ki taɓa ɗanɗana mini ba, ba yau za ki fara ba."

Kaka ta kai ludayi baki. Na zuba wa maƙogwaronta ido, ina jiran ta zube kamar yadda ake yi a littafi. Ta haɗiye, ta lumshe ido, ta ce, "Kin cika yaji yau, so kike ki tashe ni tsaye?" Inna ta yi dariya, hawaye suna bin kumatunta. Kaka ba ta tambaye ta abin da ta binne ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ciwon bai sassauta ba. Matan zumuntar coci sukan zo su kewaye ta da waƙa, in zafin ya taso sai ta ciji leɓe, ta shimfiɗa hannuwanta a kan tabarma, tafukan suna kallon sama. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Abin da aka damƙe shi ake ƙwacewa. Nawa a buɗe yake, duk ranar da Mai shi ya so ya ɗauka." Da yammacin wata rana, bayan ruwan farko ya jiƙa ƙasa, ta cika, tafukanta a buɗe.

Muka kai ta gida aka yi jana'iza. Washegarin dawowarmu da hantsi, sai ga Inna a ƙofar ɗakin kusurwa da ƙwarya a hannu. Ƙafafunta ne suka kawo ta, sai da ta iso ta tuna. Ta tsaya cak a daidai wurin nan da ta shafe da tafinta. Mama ta fito ta karɓa, ta sha, ta miƙo mini. Ni ma na sha.

Yanzu Dutse ta canza. Gidan ya zama masaukin ɗaliban jami'a, Keke Napep suna ta kaiwa da komowa a ƙofarsa, an sare dabinon, an malale tsakar gidan da siminti. Abin da Inna ta binne yana nan a ƙasa. Mama ta ce laya ce ta neman sauƙi, irin ƙaunar da Inna ta iya ke nan. Kawu har ya koma ga Allah bai sauya ra'ayi ba. Ni kuwa ban sani ba, kuma zargi bai gama fita daga jinina ba. Bara da maigidana ya kwanta asibiti, na tsinci kaina ina nazarin fuskokin masu zuwa dubiya, ina auna murmushin kowa. Wata maƙwabciya ta kawo kunu a fulas, zuciyata ta ce in zaga baya da shi. Sai na duba hannuna, na ga na dunƙule shi tam. Na buɗe shi a hankali, na miƙa kofi.