Farar Shadda a Rumfar Batulu

A tashar Bagudo, bakin rumfar Batulu mai tuwo, wani gajeren mutum yana tsaye cikin farar shadda, sitaci sai ƙara yake. Babbar rigar tana share ƙasa, da gani ta wansa ce. Tafin hannunsa kuwa na mai fartanya ne. Wannan ado dai sai gaisuwar surukai, can ƙetaren Benin.

Yana kallon manjan da ke yawo kan miya kamar ya hangi ɗan kwastan. Sai ya tuɓe rigar, ya juya ta, ya rataye a ƙusa, ya zauna da singileti duk huji.

"Malam, nan wurin cin abinci na, ba bakin gulbi ba," in ji Batulu.

"Yi haƙuri, Inna. In ta ɓaci, Yaya yanka ni zai yi."

Yana ci, wuya a miƙe, loma na tafiya a hankali. Ya gama, ko ɗigo. Sai hannu ya yi abin da ya saba a gona, ya goge a cinya, kan farin wando.

Ya dubi shatin yatsunsa ja wur, ya zura rigar, ta rufe.

"Inna, ai don haka ake yin ta babba."