Mushe Laminu da Zaren da ke Jira

Ranar Talata ina ɗaure ragon sunan jikana, maƙwabcina Alhaji Idi ya tsaya da babur ya ce, "Mushe Laminu ya rasu da asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mushe Laminu, kamar yadda muke kiran malamin boko, shi ya koya mini karatu a darasin yamma, ina da furfura. Da rana gyaran ordinatar, wato kwamfuta, yake yi a bakin tashar Matameye. In ka yi kuskure ba ya tsawa, sai ya ce, "Sake, Baba, alli bai ƙare ba."

Makon jiya ruwan shuka ya sauka, 'yata Hadiza kuwa tana naƙuda a asibitin Damagaram, bayan ɓari biyu. Kowa ya tafi gona, ni ina shagon Mushe Laminu ina ta kiran surukina a waya. Danshi na tafiya, irin hatsina na cikin buhu.

Sai Mushe ya juyo mini da fuskar injin, cike da layuka. Ya ce, "Kowane layi zare ne, wato ƙaramin aiki. Shugaban da ke cikin injin, noyo, yana riƙe da katin kowanne: lambarsa, inda ya tsaya, da halin da yake ciki. Dubi, kusan duka barci suke."

Na ce, "Ragwaye ke nan?"

Ya yi dariya. "Jira suke. Wannan yana jiran a taɓa maɓalli, wancan yana jiran saƙo. Noyo ya cire su daga layin masu aiki, ya rubuta kowanne a ƙarƙashin abin da yake jira. Abin na zuwa ya tashe shi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Mai yawan leƙe yana tambaya shi ke zafafa inji. Baba, kai ne shi. Kawo wayar, yau ni ne noyo."

Na tafi gona ina ta mamaki. Ashe ɗan Adam ya ƙera abin da ke riƙe da masu jira ɗaruruwa, bai manta ko ɗaya ba! To ina ga Wanda ya halicci ɗan Adam?

Da la'asar na hango shi a hanyar Tsauni yana ɗaga hula. "Tashi, Baba! Namiji ne, uwa lafiya!" Na zube na yi sujada a kan kunya.

Hatsin ya tsiro. Yaron ya ci sunan Laminu, mai sunan bai ji ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tashe shi cikin salihai. Ka ba matarsa da 'ya'yansa huɗu haƙuri, Ka zama gatansu. Amin.