Layin da Aka Rataye a Baibai

Duk wanda zai shiga layin masu sana'ar hannu sanye da rigar da aka yi wa ado da zare, to ya shirya, don akwai wata dattijuwa a shagon tsakiya da ba ta barin irin wannan riga ta wuce salin-alin. Za ta amsa gaisuwarka da fara'a, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, hannunta kuwa tuni ya kai wuyan rigarka ya birkice shi. "Tsaya ɗana, bari in juya in ga bayan." Daga nan ta samo sunan Inna Juya, har jikokinta ma ba su san ta da wani suna ba.

Layin ba shi da wani faɗi, amma a cike yake maƙil. In ka shigo daga bakin titi, a hannun dama magini ne da tukwanensa a kife suna shan rana, sai baduku da warin fatarsa da ke riga ka isa gida. A hagu masaƙi ne, ƙafa na takawa hannu na jifa, sai marini, wanda hannayensa suka yi shuɗi har sabulu ya haƙura da su. A saman bene akwai samari masu zane da fenti, kullum cikin gardama kan launi. Can a ƙurewar layin kuma shagon Mai Firam yake, wanda ke ɗaure zane da hotuna a cikin katako. Shi ƙanin mijin Inna Juya ne, kuma tun ranar da aka kawo ta gidansu suke tsokanar juna ba hutu.

Tun tana yarinya ta koyi aikin zare a hannun wata gwaggonta mai zafin rai. Gwaggon nan ba ta taɓa duban fuskar aiki. Sai ta kife ƙyallen a cinya, ta shafa bayan da tafin hannu, in yatsanta ya ci karo da ƙulli ko jelar zare, sai ta miƙo almakashi kawai. Yarinya ta sha kuka, ta sha warwara, har hannunta ya gane yadda ake cusa bakin zare a ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɓace ɓat. Da ta girma, aikinta ya zama gaba da baya duk ɗaya, sumul kamar an shafe da mai. Ta auri wani masaƙi, yana saƙa tana ƙawatawa. Da Allah ya yi masa rasuwa, ba ta rufe shagon ba. Da allurar nan ta rene 'ya'yanta, har autarta ta zama ma'aikaciyar jinya.

To, autar nan ce ta fara lura. Wata rana ta biyo da rana tsaka ta tarar da Inna a bakin taga, ta ɗaga allura sama tana ta cakar iska da zare, kafar allurar ta ƙi samuwa.

"Inna, idon nan fa ya gaji."

"Idon wa? Allurar zamani ce, kafarta ba ta kai ƙwayar yashi ba."

"Ki rufe shagon nan ki dawo wurina ki huta. Ɗaki na nan na gyara miki, har da kujera mai laushi."

"In zauna in yi ta kallon bango kamar hoton da baffanki ya ɗaure? A'a, 'yar nan."

Suka yi ta ja, har dai Inna ta yanke magana da bakinta. Ta ce, "Ranar da kika juya aikina kika ga bayansa ya ƙazantu, ranar zan miƙa miki mabuɗin shagon nan." Auta ta ce ta ji ta yarda.

Abin da Inna ba ta faɗa ba shi ne, ita kanta ta daina ganin bayan aikinta sosai. Launi tana gani, siffa tana gani, amma ƙananan zaruruwa sun fara haɗe mata kamar hayaƙi. Yatsu kawai take bi.

Ana haka sai matar da ke da ɗakin baje kolin zane a bakin layin ta zo ta ce tana son kowane mai sana'a ya kawo abu guda a nuna wa mutanen gari. Inna ta ce ita layin gaba ɗaya za ta ɗinka. Masaƙi ya saƙa mata farin ƙyalle mai kauri, marini ya rina mata zare kala-kala, yana mita wai ta fi kowa iyayi a kan shuɗi. Ta zauna ta yi ta aiki har damina ta shiga ta fita. Hanya a tsakiya, shaguna dama da hagu, ga tukwanen magini, ga jakunkunan baduku a rataye, ga kyanwar masaƙi kwance a kan tulin zare, har tsumman fentin samarin bene da ke lilo a taga sai da ta sa.

Da ta cire allurar ƙarshe, sai ta kife aikin, ta kai shi bakin taga, ta ƙura ido har hawaye ya zo, ba ta iya tantance komai ba. Ta naɗe shi a zani ta nufi ƙurewar layi.

"A'a, matar Yaya da kanta!" in ji Mai Firam, yana kakkaɓe garin katako daga gemunsa. "Yau kuma wuyan rigar wa aka zo birkicewa?"

"Kai dai rufe baki ka buɗe kunne. Ka ɗaure min wannan. Kar ka sa gilashi, zare ba ya son kurkuku. Bayan kuma ka rufe shi da katako ruf, ka buga ƙusa da kyau."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke da kike leƙa bayan aikin kowa, yau naki ake ɓoyewa?"

"Na ce ka buga ƙusa, ban ce ka buga min surutu ba."

Ranar baje koli, ɗakin ya cika tun da hantsi. Farin bango, fitilu ƙanana, tukwanen magini an ɗora su a kan teburi sun yi wani kwarjini kamar ba su ne ke kife a rana ba. Inna ta shigo riƙe da hannun Auta. A hanya Auta ta riga ta ce, "In an watse zan sa Baffa ya cire katakon in gani. Ba mantawa na yi ba."

Jama'a sun yi cincirindo a gaban aikinta. Mai ɗakin tana nuna wa baƙi kyanwar, suna ta santi. Sai ga muryar magini ta fi ta kowa.

"Inna Juya, me na yi miki? Shekara da shekaru ina hannun dama, yau kin kwashe ni da tukwanena kin kai hagu!"

Marini ya matso ya leƙa. "Ni kuma ga ni a wurin baduku. To wallahi ba zan gaji warin nan ba."

Wani cikin samarin bene ya gyara tsayuwa ya ce ai hikima ce, Inna tana nuna yadda layin yake a idon mai komawa gida. Inna ba ta ko ji shi ba. Ta kutsa har gaban aikin. Tabbas ga tukwane a hagu, ga kyanwar masaƙi ta koma dama. Ta ɗaga hannu ta shafa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda gwaggonta ke yi. Sumul. Ta sake shafawa. Sai can a gindin babbar tukunya yatsanta ya ji wani ɗan tudu da bai kai ƙwayar gero ba, daidai inda zare ya taɓa ƙare mata ta yi haɗi. Ta san wurin sarai, kuma ta san a baya ta bar shi.

"Ina ƙanin mijin nan nawa?"

Mai Firam ya fito daga bayan mutane yana murmushin jiran yabo.

"Kai, wane gefe ka rufe da katako?"

"Bayan mana."

"Ta yaya ka san bayan ne?"

Ya sosa ƙeya. "To, na juya nan, na juya can, ban ga ƙulli ba, ban ga jela ba. Sai na tsaya a ƙofar shagona na dubi layin. Na ga magini a hagu, marini a dama, na duba ƙyalle na ga gefen da ya yi daidai da haka, na ce to wannan ce fuskar."

Magini ya riƙe baki. "Kai da kake can ƙurewa! Ai kai kullum a juye kake ganinmu!"

Ɗakin ya kaure da dariya. Mai Firam ya dafe kai yana salati, yana cewa tunda yake bai taɓa ɗaure aiki a baibai ba sai yau, a kawo masa abin cire ƙusa yanzu-yanzu. Inna kuwa dariya take har tana share ido da gefen mayafi, amma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Ta jawo hannun Auta. "Ba sai an cire katako ba. Bayan da kike son gani, ga shi nan tun ɗazu kina kallo."

Auta ta matsa kusa, ta duba da idon nan nata mai gano jijiya a hannun jariri. Ta bi hanya, ta bi shaguna, ta bi jelar kyanwa. Ba ta ga komai ba.

Inna ba ta iya cin nasara da rufa-rufa. Ta kama yatsan 'yarta ta ɗora a gindin tukunyar. "Ga aibinsa nan. A da ba na barin irin wannan. In kin ce ƙazanta ce, mabuɗi na nan a bakin zanina."

Auta ta shafa, ta sake shafawa, ta ce, "Ni fa Inna ban ji komai ba." Ta janye hannunta. "Riƙe mabuɗinki. Amma gobe da safe za mu je a auna idon nan, kuma ba na son jin zancen allurar zamani."

"Na ji. Amma kar a ba ni irin tabarau ɗin baffanki, kin ga dai aikin da ya yi da shi."

Mai ɗakin ta roƙa a bar aikin yadda yake har a gama baje kolin, magini ya yarda da zaman hagu bisa sharaɗin na ɗan lokaci ne.

Yanzu in ka bi ta layin za ka same ta a bakin tagarta, tabarau a kan karan hanci, zare na shiga allura a tashi ɗaya. Ranar da aka fara sa mata shi, likita ya tambaye ta ko tana gani da kyau. Ita kuwa hannu ta miƙa ta birkice wuyan rigar Auta, ta duba, ta girgiza kai.

"Wa ya yi miki wannan? Cire ki kawo min in warware."